Shinge, Iyaka da Tsarewa a Turanci: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya taɓa zama ya fassara takardar fili, ko labarin kotu, ko sanarwar asibiti, ya san inda gizo ke saƙar. Bahaushe zai ce "an tsare shi" ya wuce abinsa, amma Bature yana da kalmomi bakwai ko takwas a wannan gurbi ɗaya, kuma kowacce da shaidar da take bayarwa a kan mutumin: mai laifi ne, ko wanda ake zargi, ko majinyaci, ko wanda yaƙi ya rutsa da shi. Waɗannan su ne tambayoyin da ɗalibaina da abokan aikin fassara suka fi kawo mini.

Mene ne bambancin "wall", "fence" da "hedge"?

Abin da aka yi su da shi ne ya raba su. "Wall" gini ne na ƙasa ko bulo ko dutse. A nan mun fi su yawan kalmomi, domin bangon ɗaki da katangar gida da garun gari duk "wall" ne a wurinsu. "Fence" kuwa shi ne shinge ko danga ko darni, wato abin da aka kakkafa da itace, kara, waya ko kwano. "Hedge" shinge ne mai rai, irin wanda manomi ke yi da aguwa ko cini-da-zugu, yana girma ana yi masa aski.

A Turancin Najeriya za ka ji mai gida ya ce ya zuba "fence" a fulotinsa, alhali katangar bulo ce mai tsayin mutum da rabi. A gida kowa zai gane. Ɗan Ingila kuwa, abin da zai zo masa a rai katako ne ko waya. In takardar za ta ƙetare teku, a rubuta "wall".

Asalinsu ma abin sani ne. "Fence" guntun "defence" ne, wato kariya, an yanke masa kai. "Wall" daga Latin take, daga kalmar da sojojin Rum ke kiran tudun kariyar sansaninsu, kuma har yau ana ganin ragowar katangar da Sarki Hadrian ya sa aka fara ginawa a arewacin Ingila a shekara ta 122. Birnin Hague na ƙasar Holan, inda kotun duniya take, sunansa ɗan'uwan "hedge" ne: shingen basarake.

To ganuwa fa?

"City wall" ya wadatar. In ana son fito da cewa tudun ƙasa ne mai faɗi wanda mayaƙa ke hawa, kamar na Kano da Zariya da Katsina, sai a ce "rampart". Ramin da ke kewaye da ita "ditch" ne, in da ruwa a ciki ya zama "moat".

Me ya sa ake kiran gidan Bahaushe "compound"?

Domin "house" ba ta ɗauke shi. "House" gini ɗaya ne mai rufi ɗaya. Gidanmu kuwa zaure ne da ƙofar gida da tsakar gida da ɗakuna da rumbu da turken akuya, katanga ɗaya ta haɗe su. Wannan "compound" ɗin ba ita ce ta darasin kimiyya mai nufin haɗe-haɗe ba. Masana asalin kalmomi sun fi rinjayar da cewa daga "kampung" ta harshen Malay ta fito, ma'ana unguwa ko ƙauye. Turawan fatauci suka ɗauko ta a kudu maso gabashin Asiya, 'yan mulkin mallaka suka yo guzurinta zuwa Afirka. Tsakar gida ita ce "courtyard".

Kalmomin wurin ajiye dabbobi sun yi mini yawa. Ya zan rarrabe su?

Ka bi dabbar. Kaji suna kwana a "coop", wato akurki. Tumaki a "fold", aladu a "sty", dawaki a "stable", wato barga, kuma ɗan filin da aka kewaye musu don su sake shi ne "paddock". Tsuntsu a "cage", wadda muka ara muka ce keji. In ka rasa ta cewa, "pen" tana shiga kusan ko'ina. Amurkawa suna kiran shingen shanu "corral", mutanen kudancin Afirka suna cewa "kraal", kuma su biyun 'yan gida ɗaya ne, daga Sifaniyanci da Fotugisanci. Akwai ma "zareba", shingen ƙaya, wadda Turanci ya samo daga Larabci ta hanyar Sudan a ƙarni na 19.

"Pound" wuri ne da hukuma ke kai dabbar da aka kama tana ɓarna, sai mai ita ya biya tara a sake ta. Daga nan aka samu "impound", shi ya sa in jami'ai suka kama babur ko mota suka kai ofishinsu ake amfani da ita. Ɗaure dabba a turke da doguwar igiya, wato talala, "tether" ne. Dabaibayi kuma "hobble".

Abin da nake jan kunnen ɗalibai a kai shi ne, duk waɗannan ana iya ɗora su a kan mutane, amma da zarar ka yi haka ka ɗauki ɓangare. Wanda ya rubuta cewa 'yan gudun hijira suna "penned in" ko "caged", yana cewa an mai da su dabbobi ne. In haka kake nufi, kuma ka gani da idonka, to rubuta. In labari kawai kake bayarwa, "housed" ko "held" ta fi.

"Border", "boundary", "frontier" da "limit", ba duk iyaka ba ne?

Duk iyaka ne, amma ba a musanya su yadda aka ga dama. "Boundary" shi ne layin kansa, tsakanin gona da gona, ko ƙaramar hukuma da wata, ko ƙasa da ƙasa. "Border" ta fi zama a tsakanin ƙasashe, kuma takan haɗa da yankin da ke bakin layin da wurin da ake duba takardu. Ita muka ara muke cewa boda. Jibiya da Illela da Maigatari garuruwan "border" ne. Ba a cewa gonarka tana da "border" da ta maƙwabcinka, sai dai "boundary".

"Frontier" tana da ƙamshin gaba, inda ikon wani ya ƙare aka fuskanci abin da ke can. Ribaɗoɗin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa, irin su Wurno, masu tarihi da Turanci sukan kira su garuruwan "frontier". "Limit" kuwa ba lallai ta zama a ƙasa ba. Haddi ne da ba a son a wuce: gudun mota, shekarun shiga aiki, kuɗin da za ka iya cira a rana.

Sai a kula da rubutu: "boarder" mai harafin a, ɗalibin makarantar kwana ne.

Ina yawan ganin "delimit" da "demarcate" a labarin rikicin iyaka. Ɗaya ne?

A'a, kuma sau da yawa a tsakaninsu rikicin yake kwance. "Delimit" shi ne a yanke iyaka a takarda, a rubuta cewa daga kogi kaza zuwa dutse kaza. "Demarcate" shi ne a je wurin da ƙafa, a auna, a kafa alama.

Iyakar Najeriya da Nijar ta nuna haka ƙarara. A 1890 Ingila da Faransa suka ja layi daga Say a bakin Kwara zuwa Barruwa a bakin tafkin Chadi, suna zaune a Turai, galibinsu ba su taɓa taka ƙasar ba. Aka sake zama a 1898, sannan 1904 da 1906, ana gyara layin, musamman don Faransawa su samu hanya mai rijiyoyi zuwa Damagaram. Duk wannan "delimitation" ne. Sai daga 1906 zuwa 1908 tawagar haɗin gwiwa, Tilho a ɓangaren Faransa da O'Shee a ɓangaren Ingila, ta bi ƙasa tana kafa alamomi. Wannan ne "demarcation", kuma a lokacin ne mutumin Maraɗi da ɗan'uwansa na Katsina suka ga abin da aka yanke musu ya tsaya a gabansu.

Haka ta faru da Kamaru. Kotun duniya ta yanke hukunci ranar 10 ga Oktoba, 2002, amma kafa turakun siminti a kan iyakar mai tsawon kusan kilomita 2,000 ya ci shekaru masu yawa bayan haka. Ko a fulotinka ma haka ne: zanen safiyo daban, ɗan turken simintin da ya binne a kowace kusurwa daban. Wannan turken shi ake kira "beacon".

A Ingila akwai tsohuwar al'ada mai suna "beating the bounds". Sau ɗaya a shekara dattawan gari su ɗebi yara su zaga iyakar yankinsu, ana dukan duwatsun iyaka da tsumagiya, a da har akan ɗan gwara yaron a jikin dutsen don kada ya manta wurin in ya girma. Da na fara jin labarin, kakana ya faɗo mini a rai, yana riƙe da hannuna a bakin gona yana nuna mini layin gamba, yana cewa daga nan ba namu ba ne.

Wace kalma ce daidai da "an tsare shi"?

Nan ne na fi son a nutsu, domin mutuncin mutum ake taɓawa.

"Arrest" kamu ne. "Detain" tsarewa ce, ana riƙe da mutum, ko a bayan kanta ko a wani wuri, ba a yanke masa hukunci ba, wataƙila ma ba a tuhume shi ba. Duk wanda ke hannun hukuma ana cewa yana "in custody". Sashe na 35 na tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ce a kai wanda aka kama gaban alƙali cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu cikin kwana biyu. In alƙali ya ɗage shari'a ya ce a ci gaba da ajiye shi, wannan "remand" ne, zaman wakafi. Har a lokacin, a idon doka mutumin ba shi da laifi. Sai an kammala shari'a an same shi da laifi, wato "convict", an yanke masa hukunci, wato "sentence", sannan a ce "imprison" ko "jail". A nan ne kaɗai Bahaushe zai ce an ɗaure shi.

Na taɓa duba aikin wani matashin mai fassara a wata kafar labarai, na tarar ya mai da "remanded" ya zama "kotu ta ɗaure". Labarin ya riga ya fita. Mutumin da ake magana a kansa ɗan kasuwa ne, daga baya kotu ta sallame shi, amma a unguwarsu an riga an ji cewa an ɗaure shi, kuma gyaran da aka yi washegari bai kai kunnen rabin waɗanda suka ji na farko ba. Yaron bai yi da mugunta ba, ƙamus ya duba ya ga kurkuku a ciki. Tun daga ranar nake fara ajin fassara da wannan kalma. Mafi yawan waɗanda ke gidajen yarin Najeriya masu jiran shari'a ne, saboda haka kuskuren nan ba mutum ɗaya yake shafa ba.

Sauran biyu. "House arrest" shi ne ɗaurin talala, kuma ni ina ganin tamu ta fi tasu hoto. "Intern", in aikatau ce, tana nufin tsare mutane a sansani lokacin yaƙi ba don sun aikata komai ba, sai don asalinsu, kamar yadda Amurka ta yi wa mutane kusan 120,000 'yan asalin Japan daga 1942. Kada a haɗa ta da "intern" mai nufin ɗan koyon aiki.

"Jail" da "prison" fa?

A Ingila kusan ɗaya ne, kuma "gaol" da za ka gani a tsoffin takardun mulkin mallaka tsohon rubutun "jail" ne, furucinsu ɗaya. A Amurka sun bambanta: "jail" na ƙaramar hukuma ne, na masu jiran shari'a da masu ɗan gajeren hukunci, "prison" na jiha ko tarayya ne, na masu dogon zama. A Najeriya dokar 2019 ta sauya sunan hukumar gidajen yari, yanzu a takarda "custodial centre" ake rubutawa, abin da 'yan jarida ke kira gidan gyaran hali.

Lokacin korona an yi ta cewa killacewa. Kalma ɗaya ce a Turanci?

Biyu ce. "Isolation" na wanda aka tabbatar yana ɗauke da cutar ne. "Quarantine" na wanda ya yi cuɗanya da mai ita ne, ana jira a gani. Ta biyun daga kalmar arba'in ta Italiyanci take. A 1377 birnin Ragusa, wanda yau ake kira Dubrovnik, ya kafa dokar cewa masu zuwa daga wuraren annoba su yi kwana 30 a keɓe kafin su shigo, daga baya wa'adin ya zama 40 a Venice da wasu garuruwa, sunan ya bi shi.

"Lockdown" shi ne dokar kulle ta gari gaba ɗaya. "Curfew" dokar hana fita ce ta wasu sa'o'i, kuma asalinta Faransanci ne mai nufin rufe wuta, domin a da ƙararrawa ake kaɗawa da dare kowa ya binne garwashinsa don gudun gobara. In jami'an tsaro suka zagaye wuri da igiya ko da jikinsu, "cordon off" suka yi. In sojoji suka yi wa gari ƙawanya suna jiran ya miƙa wuya, "siege" ne.

Kullen mata kuwa, masu rubutu da Turanci suna cewa "seclusion" ko "purdah", ta biyun kalmar Farisa ce mai nufin labule, ta shigo ta Indiya. Kada a fassara shi da "confinement" kai tsaye, domin tana jawo ma'anar ɗauri, ban da haka a tsohon Turanci tana nufin zaman haihuwa.

Me ya sa "enclosure" take da nauyi a tarihin Ingila?

A wasiƙa ba ta da wani nauyi, abin da aka haɗo a cikin ambulan ne kawai. A tarihi kuwa sunan wani babban al'amari ne. Ƙauyukan Ingila suna da filayen da ake kira "commons", kusan abin da muke kira hurumi, inda talaka ke kiwon saniyarsa ya yi itace. Sannu a hankali masu ƙasa suka dinga kewaye filayen nan da shinge, da farko don kiwon tumaki saboda ribar ulu. A 1549 mutanen Norfolk suka tashi suna tumɓuke shingaye. Jagoransu Robert Kett shi kansa mai ƙasa ne da ya kewaye fili, amma da suka zo masa sai ya yarda da gaskiyarsu, ya taya su rushe nasa. An murƙushe su, aka rataye shi a Norwich a ƙarshen shekarar. Daga baya majalisa ta karɓi aikin: tsakanin 1604 da 1914 an yi dokoki sama da 5,200 da suka kewaye eka kusan miliyan 6.8.

Masana suna jayayya a kan ribar abin, domin noma ya haɓaka, amma iyalai da yawa sun rasa madogara sun kwarara birane neman aikin masana'anta. Kyawawan shingayen nan masu kore da ake gani a hotunan karkarar Ingila, da yawansu a wannan zamani aka dasa su.

Mece ce ma'anar "beyond the pale"?

Abin da ya wuce gona da iri, wanda jama'a ba za su lamunta ba. "Pale" a nan ba kodaddiyar fata ba ce, turke ne mai tsini da ake jerawa a yi shinge, daga nan ta zama sunan yankin da ke cikin shingen. Yankin da Ingilishi ke iko da shi a kewayen Dublin a ƙarshen ƙarnonin tsakiya haka ake kiransa. Mu da su duk a bakin shinge muka samo maganar.

"Deadline" da muke ji kullum a ofis asalinta ya fi haka muni. A sansanonin fursunonin yaƙin basasar Amurka, irin na Andersonville a 1864, layi ne a cikin katanga wanda duk fursunan da ya ƙetare shi za a harbe shi.

Gaskiya ne "paradise" ma tana cikin wannan dangi?

Gaskiya ne, kuma ita ce ta fi faranta mini rai. A tsohon harshen Iran kalmar tana nufin wurin da aka kewaye da katanga, wato lambun sarki. Girkawa suka ara, ta bi ta Latin ta isa Turanci. Firdausi da muke roƙo a addu'a daga wannan tushe take, ta hanyar Larabci. "Garden" da "yard" su ma daga tushen kewayewa suke, kamar yadda garka a wurinmu ba ta zama garka sai da shinge. Ko "town" a tsohon Turanci wuri ne mai shinge, 'yar'uwarta a Jamusanci har yau shinge take nufi. Wanda ya san cewa birni a ƙasar Hausa gari ne mai ganuwa ba zai yi mamaki ba.

"Restrict", "restrain", "constrain" da "confine" suna rikita ni.

Doka ko ƙa'ida ita ke "restrict", ta taƙaita yawa ko dama. Hannu ko igiya ko umarnin kotu ke "restrain", a riƙe mutum kada ya aikata. Hali ke "constrain", kamar rashin kuɗi ko ƙurewar lokaci. "Confine" kuma wuri take nema: majinyacin da ba ya iya tashi yana "confined to bed". A kula da 'yan rakiyarsu, "confine" da "restrict" suna tafiya da "to", "restrain" da "from".

Nijar "enclave" ce?

A'a, "landlocked" ce, ba ta da gaɓar teku, kamar Chadi da Mali. "Enclave" sai ƙasa ɗaya tak ta kewaye ka ta ko'ina, kamar Lesotho a cikin Afirka ta Kudu.

Akwai kalmar Hausa da ka kasa samar mata takwara?

Burtali. A takardun gwamnati ana rubuta "cattle route" ko "stock route", a tsohon Turancin Ingila akwai "drove road", hanyar da ake kora shanu zuwa kasuwa. Duk sun kama tafiyar, amma sun bar shingen. Burtali hanya ce da gonaki suka sa a tsakiya, manomin dama ya ja da baya ya dasa aguwa, na hagu ma haka, aka bar wa shanu tsakiya su wuce zuwa mashaya ba tare da sun taɓa dawar kowa ba. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar wuraren kiwo a 1965, kuma a cikin Turancin irin waɗannan dokoki za ka samu "reserve" da "route" da "encroachment", wato cin iyaka. In na zo fassara burtali ga wanda bai san ƙasar ba, nakan bar kalmar yadda take, in ƙara jimla guda: hanyar shanu ce mai shinge dama da hagu, wadda masu gonakin da kansu suka ware.